Alewar wiwi a gidan mai: nauyin da aka ɗora wa ƙananan hukumomin Amurka

Ranar 1 ga Yulin 2022 mutanen jihar Minesota da ke arewacin Amurka suka wayi gari da wata doka da galibinsu ba su san an yi ta ba. Daga wannan rana duk wanda ya kai shekara 21 yana iya shiga shago ya sayi alewa ko lemon gwangwani mai ɗauke da THC, wato sinadarin da ke sa wiwi bugarwa, in dai daga wiwin zare aka samo shi, wato nau'in wiwi mai ƙarancin THC da ake nomawa don zare da man iri, kuma bai wuce miligiram 5 a ci ɗaya ba, ko miligiram 50 a ƙunshi guda. Cikin wani tafkeken ƙudurin harkar lafiya aka cusa sashen, har wani sanatan jihar ɗan jam'iyyar Rifablikan, Jim Abeler, ya fito daga baya yana cewa bai fahimci iyakar abin da suka amince da shi ba. Waɗanda suka rubuta sashen suna da hujjarsu. Kayan sun riga sun cika kasuwa ba ƙa'ida, gara a sa musu iyaka. Amma dokar ba ta tanadi lasisi ba, ba ta sa haraji na musamman ba, ba ta kuma faɗi irin shagon da zai sayar ba. Gidan mai, shagon sigari, kantin kayan masarufi, kowa na iya jerawa a kanta. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta jihar aka ɗora wa sa ido, ba tare da an ƙara mata kuɗi ko ma'aikata ba.

Uwar da ta tsinci ledar alewar a jakar makarantar ɗanta ba majalisar tarayya za ta kira ba. Ofishin magajin gari za ta buga wa waya, ko ta tare kansilan unguwarsu a bakin kanti. Shi ya sa cikin 'yan makonni majalisun garuruwa suka shiga zaman gaggawa. Garuruwa irin su Marshall da Robbinsdale da St. Joseph suka dakatar da cinikin na ɗan lokaci, bisa ikon da dokar jihar ta ba su na tsayar da sabon abu har tsawon shekara guda don su yi nazari. Wasu suka ɗauko tsarin lasisin taba da suke da shi tun da daɗewa suka gyara shi ya dace da sabon kayan. Wasu kuma suka zuba ido. A jiha ɗaya, abin da aka hana a wannan gefen titi ana sayar da shi a wancan gefen.

Kafin a ga laifin kowa, sai a koma inda ruwan ya ɓullo. A Disambar 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar noma da ta cire wiwin zare, wanda Amurkawa ke kira hemp, daga jerin haramtattun ƙwayoyi. Sanata Mitch McConnell na jihar Kentaki ne ya tsaya kai da fata a kanta, domin manoman jiharsa na neman abin da zai maye musu gurbin taba. Tunanin da ake yi shi ne igiya, yadi, man iri, da kuma CBD, wani sinadari na tsiron da ba ya bugarwa. Matsalar ita ce tsiron ɗaya ne da wiwin da ake sha, don haka dole doka ta ja layi, sai ta ce duk wanda sinadarin delta-9 THC ɗinsa, wato sanannen nau'in THC mai bugarwa, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na busasshen nauyinsa ba, wiwin zare ne, shi da duk abin da aka tatso ko aka sarrafa daga gare shi. Wannan adadi na 0.3 ya samo asali ne daga wani aikin rarrabe tsirrai na 1976 da masanin tsirrai ɗan Kanada Ernest Small ya yi tare da Arthur Cronquist. Don bambanta nau'in tsiro da tsiro suka yi shi. Ba su yi shi don auna abin da zai gusar da hankalin mutum ba.

Ta ƙofa biyu 'yan kasuwa suka shiga. Ta farko lissafi ce kawai. Kashi 0.3 na busasshen ganye ba wani abu ba ne, amma alewa tana da nauyi. Ƙwaya ɗaya mai giram 4 na iya ɗaukar miligiram 12 na THC ba ta ƙetare layin ba, alhali a jihohin da suka halatta wiwi miligiram 10 ake ɗauka a matsayin ci ɗaya cikakke ga babban mutum. Ta biyu kuma ta masu haɗa sinadarai ce. Bayan dokar 2018 manoma sun yi rububin shuka, amfanin ya yi yawa, farashin CBD ya faɗi warwas. Sai aka gano cewa in aka narka CBD aka sa masa asid aka dafa, yana rikiɗa ya koma delta-8 THC, ɗan'uwan delta-9 ne, yana bugarwa, amma doka ba ta ambaci sunansa ba. Daga nan sunaye suka yi ta fitowa, delta-10, HHC, da sauransu. Akwai kuma THCA, wanda a ɗanyen fure ba ya bugarwa, amma da zarar wuta ta taɓa shi ya zama delta-9. Da wannan dabarar aka riƙa sayar da wiwi tsagwaronsa da sunan wiwin zare. A Mayun 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke yammacin ƙasar ta ce bisa lafazin dokar, delta-8 halal ne, in kuma majalisa ba haka ta nufa ba, ita ce za ta gyara.

Ɓarnar ba ta jira gyara ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bayyana cewa daga Janairun 2021 zuwa ƙarshen Fabrairun 2022 cibiyoyin karɓar kiran gaggawa kan guba sun samu rahoto 2,362 da suka shafi delta-8, kuma kashi 41 cikin 100 na waɗanda abin ya shafa ba su kai shekara 18 ba. Da yawansu yara ne ƙanana da suka ga leda mai launi suka ɗauka alewa ce. Kuma ba laifinsu ba ne, domin wasu kamfanoni da gangan suke kwaikwayon ledar sanannun kayan ƙwalama, abin da ya sa FDA da hukumar kula da ciniki ta tarayya suka aika wa wasunsu takardar gargaɗi a Yulin 2023. A Minesota kanta, a Disambar 2022 hukumar magunguna ta maka wani kamfani na garin Moorhead a kotu bisa zargin sayar da alewa mai miligiram 100 a ƙwaya ɗaya, 2,500 a leda, wato ninki 50 na abin da doka ta yarda. Duk mai ɗa ƙarami a gida ya san abin da zai faru in irin wannan leda ta faɗa hannunsa.

To, me ke hannun ƙaramar hukuma? A tsarin Amurka gari ko gunduma ba su da wani iko na kansu sai wanda jiha ta ba su, kuma in jiha ta yi doka ta ce ita kaɗai ke da magana a kan abu, bakin kansila ya mutu. A Minesota ta 2022 dokar ta yi shiru, ba ta ba garuruwa iko ba, ba ta kuma hana su ba, sai ƙungiyar garuruwan jihar ta ba mambobinta shawarar cewa shirun nan ya bar musu fili. Abin da suka iya yi da filin sananne ne, domin shi suke yi wa giya da taba shekara da shekaru. Suna iya cewa ba mai sayarwa sai da lasisi, su binciki tarihin mai shagon kafin su ba shi, su hana buɗe shago kusa da makaranta, su ƙayyade lokacin ciniki, su ce a ajiye kayan bayan kanta inda hannun mai saye ba zai kai ba sai ya tambaya. Mafi amfani a cikinsu shi ne gwajin ba-zata, inda ɗan sanda zai tura matashin da bai kai 21 ba ya shiga ya nemi saye. In mai shago ya sayar ba tare da neman katin shaida ba, tara ta hau kansa, in ya maimaita a dakatar da lasisin, in ya ci gaba a ƙwace. Mai shagon da cinikinsa ya dogara da takardar da ke rataye a bango yana jin wannan tsoron fiye da kowane wa'azi.

Duk wannan iko a bakin ƙofar shago yake ƙarewa. Kansila na iya sanin wa ke sayarwa, a ina, da ƙarfe nawa, kuma ga wa. Abin da ba zai taɓa sani ba shi ne abin da ke cikin ledar. Ledar ta ce miligiram 5, wa ya tabbatar? Ko asid ɗin da aka dafa CBD da shi ya bar wani gurɓataccen abu? Amsar wannan sai ɗakin gwaje-gwaje mai na'urori masu tsada da ƙwararru, kuma garin da mutanensa ba su wuce dubu biyar ko goma ba ba shi da ko ɗaya. Takardar gwajin da ke bin kayan kuwa, kamfanin ne ya zaɓi inda aka yi ta, shi ya biya. Sau da yawa ma an haɗa alewar ne a wata jiha mai nisa da ba ta da wata ƙa'ida. A ganina nan ne ainihin cutar take. An miƙa wa ƙananan hukumomi rabin aikin da suke iya yi, sannan aka bar musu ɗaya rabin da ba za su taɓa iyawa ba, kuma in yaro ya kwanta asibiti su za a tuhuma.

Wannan ne ya sa ba na ganin baiken garin da ya zaɓi haramtawa ɗungurungum. Garin da ke da 'yan sanda ƙalilan, ba jami'in duba shaguna ko ɗaya, haramci ne abin da aljihunsa zai iya ɗauka. Ba sai ya gwada komai ba, in an ga ledar a kanta laifi ya tabbata. Amma a faɗi gaskiya game da abin da haramcin gari ɗaya ke saye. A yankunan da garuruwa ke manne da juna, kamar kewayen Miniyapolis ko Shikago, tafiyar minti biyar a mota ta fitar da mutum daga ƙarƙashin dokar. Ga kuma intanet. Dokar 2018 ta hana jihohi tare wiwin zare a kan hanyarsa daga wata jiha zuwa wata, kuma ana aika kayan ta gidan waya har ƙofar gida, inda tabbatar da shekaru sau da yawa bai wuce danna maɓalli ba. Garin da ya haramta ya kawar da ledar daga idon ɗan makarantar da ke shiga gidan mai sayen biskit, kuma wannan riba ce ta gaske, ba na raina ta. Sai dai ya rasa jerin sunayen masu sayarwa, ya rasa damar tura gwajin ba-zata, kuma mai shagon kirki da ke neman katin shaida ya rufe, wanda ba ya nema ya koma sayarwa a ɓoye. In gari na da ƙarfin bibiya, lasisi mai tsauri ya fi kare yara.

Jihar Ilinoi ta nuna abin da ke faruwa in sama ta ƙi motsi. Tun Janairun 2020 wiwi halal ne a can ga manya, amma a shaguna masu lasisin jiha, masu biyan haraji mai nauyi, waɗanda dole a gwada kayansu, kuma gari na iya ɗora nasa harajin har kashi 3 cikin 100. A gefensu sai ga shagon sigarin lantarki yana sayar da abin da ke bugarwa iri ɗaya, ba gwaji, ba wannan harajin, ba ma ƙa'idar shekaru a dokar jiha. Gwamna JB Pritzker ya goyi bayan ƙudurin da zai mayar da irin waɗannan kaya cikin shagunan masu lasisi, amma a Janairun 2025 ƙudurin ya maƙale a majalisar wakilan jihar, kuma cikin masu adawa da shi har da magajin garin Shikago, Brandon Johnson, wanda ya fi son a tsara cinikin birnin ya samu kuɗin shiga. Sai garuruwan kewaye suka riƙa haramtawa ɗaya bayan ɗaya, a cikin birnin kuma wasu kansilolin yankin filin jirgin Midway suka samu a hana cinikin a mazaɓunsu kaɗai. Dokar kare lafiyar yara ta koma tana canzawa daga mazaɓa zuwa mazaɓa. A nan ya kamata a lura cewa ba iyaye da likitoci kaɗai ne ke neman haramci ba. Masu shagunan wiwi masu lasisi ma suna nema, domin kasuwarsu ake ci. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙananan 'yan kasuwa da ba su samu lasisin wiwi ba saboda tsada da ƙarancinsa, suka samu abin yi a wiwin zare. Kansilan da ke zaune yana sauraron jama'a dole ya rarrabe wanda ke kukan ɗansa da wanda ke kukan cinikinsa, kuma dukansu da sunan yara suke magana.

Minesota ta gyara kuskurenta da sauri fiye da saura. A ƙarshen Mayun 2023 Gwamna Tim Walz ya sa hannu kan dokar da ta halatta wiwi ga manya, ta kafa ofishi na musamman mai kula da harkar, ta kuma jawo alewa da lemon wiwin zare cikin tsari. Aka sa haraji na kashi 10 cikin 100, aka tilasta wa masu sayarwa yin rajista da jiha. Rabon aikin da aka yi shi ne wanda hankali ke kamawa. Jiha ta riƙe lasisi da gwaji da abin da za a rubuta a leda, gari kuma ya riƙe rajistar shaguna, da wuri da lokaci, da gwajin ba-zata aƙalla sau ɗaya a shekara. An karɓe wa garuruwa ikon haramtawa baki ɗaya, amma an bar musu ikon nisanta shagon wiwi da makaranta har ƙafa 1,000, kimanin mita 300, da kuma ƙayyade yawan shagunan zuwa ɗaya ga kowane mutum 12,500, ko da yake wannan ƙayyadewa ba ta shafi masu sayar da alewa da lemo marasa ƙarfi ba. Ƙananan kamfanonin giya na jihar suka rungumi haɗa lemon THC, har shagunan giya mallakar wasu garuruwa suka fara sayarwa, kuma a 2025 babban kantin Target ya fara gwada sayar da shi a wasu rassansa na jihar.

Inda tsarin ya yi rauni shi ne kuɗi. Dokar 2023 ta ware wa garuruwa da gundumomi kashi 20 cikin 100 na harajin, don su biya ɗawainiyar da aka ɗora musu. A 2025, da kasafin jihar ya matse, majalisa ta ɗaga harajin zuwa kashi 15 sannan ta soke kason ƙananan hukumomin. Aikin kuwa yana nan daram a kansu. Kuɗin rajistar da gari zai iya karɓa daga mai sayar da alewar wiwin zare bai wuce rabin kuɗin lasisin jiha ba, wato dala 125, abin da da ƙyar zai biya 'yan awoyin ɗan sanda da na magatakarda. Wannan ba adalci ba ne. Duk dokar da ba a biya mai bibiyarta ba, a takarda za ta tsaya, kuma garuruwa marasa ƙarfi su ne farkon waɗanda za su riƙa yin gwajin don cika sharaɗi kawai.

Sauran jihohi kowace ta kama gabanta. Kalifoniya a Satumban 2024 ta hana duk abinci ko abin sha na wiwin zare da aka samu THC a cikinsa. A Teksas majalisa ta amince da haramci a 2025 bisa matsin mataimakin gwamna Dan Patrick, amma Gwamna Greg Abbott ya hau kujerar na-ƙi a watan Yuni, daga baya ya ba da umarnin hana sayar wa wanda bai kai 21 ba. Ga mai karatu a Najeriya kuwa, wannan bambancin na kashi 0.3 bai shafe shi ba. Alewar da aka saya a fili a gidan mai a Amurka, in ta sauka a jakar matafiyi a Kano ko Legas, wiwi ce a idon NDLEA.

Sai a Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta waiwayo. Cikin dokar kasafin da ta kawo ƙarshen rufe ma'aikatun gwamnati na kwana 43, wadda aka sa wa hannu ranar 12 ga watan, an sake fassara wiwin zare. Yanzu jimillar THC za a ƙirga har da THCA, an fitar da sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, kuma an sa iyakar miligiram 0.4 a kowane ƙunshi. McConnell, wanda ya buɗe ƙofar a 2018, shi ne ya jagoranci rufe ta. Takwaransa na Kentaki, Rand Paul, ya yi ƙoƙarin cire sashen, majalisar dattawa ta kayar da yunƙurinsa da ƙuri'a 76 da 24. An ba da wa'adin shekara guda, zuwa Nuwamban 2026. Ledar nan mai miligiram 2,500 lallai ta cancanci a kawar da ita, amma iyakar 0.4 ba ta bambanta ta da gwangwanin Minesota mai miligiram 5 da aka gwada, aka yi wa rajista, aka biya wa haraji ba. Shi ma ya ninka iyakar fiye da sau 12. Jihar da ta yi wahalar gina tsari da wadda ta naɗe hannu, hukunci ɗaya aka yanke musu, kuma wannan ne ya sa Sanata Amy Klobuchar ta Minesota ta yi adawa da sashen.

Ga ƙaramar hukuma, sabuwar dokar ba ta sauke nauyin ba. Shagon da gari ya yi wa rajista zai iya zama halal a dokar jiha, haram a ta tarayya, irin zaman da shagunan wiwi suka daɗe suna yi, da wahalar samun banki da ta haraji. A jihohin da ba su da tsari kuwa, dubban shaguna ne cike da kaya da masu saye da suka saba, kuma haramci ba ya kwashe su da kansa. Tun 1970 wiwi ke cikin jerin haramtattun ƙwayoyi na tarayya, amma kusan duk kamen da ake yi a kansa 'yan sandan gari da na jiha ne ke yi, domin jami'an tarayya ba sa bin gidajen mai ɗaya bayan ɗaya. Sashen da aka rubuta a Washinton ya faɗi miligiram nawa ne haram, bai faɗi wanda zai shiga shagon ya ɗauki ledar ya kai ta gwaji ba, bai kuma ware wa garuruwa ko sisi don wannan aikin ba.